Ɓerayen bincike da ciwon gautsin ƙashi na gado: amsa ga wata uwa

"Assalamu alaikum, Likita. Ina da ɗa ɗan shekara biyar wanda tun yana rarrafe yake karyewa, wani lokaci daga faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba. Mun sha kai shi wurin mai ɗori, daga baya muka je asibiti aka ce ciwon ƙashi ne na gado. Ƙanena da ke jami'a ya ce ya karanta cewa Turawa suna samar da ɓeraye masu irin wannan ciwo, har sun ba su magani ƙashinsu ya yi ƙarfi. Shin gaskiya ne? Me ya haɗa ɓera da ɗan Adam? Idan an warkar da ɓera, me ya hana a warkar da ɗana? Sannan ni da babansa 'yan'uwa ne, ko auren zumuncin ne ya jawo?" Daga wata uwa a Gwammaja, Kano.

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma ba ku ladan jinya. Tambayarki ta ƙunshi abubuwa uku: ko da gaske ana samar da ɓeraye masu ciwon ƙashi irin na mutane, me ya sa maganin da ya yi aiki a jikin ɓera bai zama waraka ga yara ba, sannan ko zumuncin da ke tsakaninki da mahaifinsa yana da hannu a lamarin. Abin da ƙanenki ya karanta gaskiya ne, kuma ni kaina na yi aiki da irin waɗannan ɓeraye lokacin da nake ƙarin karatu a waje, kafin in dawo Kano aikin asibiti da koyarwa. Sai dai ban ga yaron ba, ban kuma ga hotunan ƙashinsa ba, saboda haka zan yi magana ne a kan cutar da bayaninki ya fi kama da ita, wadda likitoci ke kira ostiyojenesis imfafekta, wato ciwon gautsin ƙashi. Tabbatar da ita aikin likitan da ke duba shi ne.

Abin da ke lalacewa a cikin ƙashin

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka yi ƙashi: zaruruwan wani furotin mai suna kolajin, da ma'adinan kalsiyam da fosfet da ke daskarewa a kansu. Idan aka kwatanta da ginin kankare, kolajin shi ne rodi, ma'adinan kuwa su ne siminti. Kolajin ke ba ƙashi damar ɗan lanƙwasawa ba tare da ya tsage ba, ma'adinan kuma su ba shi tauri. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gina sabon ƙashi da wasu masu narkar da tsoho, kuma aikinsu ba ya tsayawa muddin mutum yana raye. Abin da ake kira cikar ƙashi, wanda na'urar deksa ke aunawa, shi ne yawan ma'adinin da ke cikin wani yanki na ƙashi. Wannan awo ba ya bayyana ingancin kolajin, kuma a kan wannan ne amsar tambayarki ta biyu ta rataya.

Kowane zaren kolajin na ƙashi igiyoyi uku ne da aka tufke wuri guda, biyu bisa umarnin ƙwayar gado mai suna COL1A1, ɗaya bisa umarnin COL1A2. A kowane matsayi na uku a jikin igiyar dole ne a sami wani sinadari mai suna gilaisin, domin shi kaɗai ne ƙanƙantarsa ta isa ya zauna a tsakiyar tufkar. Idan kuskure a ƙwayar gado ya sa wani sinadari mai girma ya maye gurbinsa ko da a wuri ɗaya ne, tufkar ba ta ɗaurewa daidai, kuma duk ƙashin da aka gina a kanta zai fito da gautsi. Wani lokaci kuma kolajin ɗin lafiyayye ne, amma kusan rabin abin da ake bukata kawai jiki ke samarwa, kuma wannan shi ne nau'i mafi sauƙi. Kimanin kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na masu cutar matsalarsu tana cikin ɗaya daga waɗannan ƙwayoyin gado biyu, kuma ana samun ta a kusan haihuwa ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000. A shekarar 1979 wani likita a Ostareliya mai suna David Sillence ya kasa ta nau'i huɗu, daga mai sauƙi zuwa wanda jariri ba ya rayuwa da shi. Tunda akwai irin wannan kolajin a ido da haƙori da kunne, sau da yawa akan ga farin idon yaron ya yi shuɗi-shuɗi, haƙoransa suna gutsirewa, ko jinsa ya ragu idan ya girma.

Dalilin da ya sa ɓera ne

Idan likita ya ga kuskure a ƙwayar gadon yaro mai karyewa, bai isa ya yanke hukunci cewa kuskuren ne sanadi ba, domin kowane mutum yana ɗauke da bambance-bambance masu yawa da ba sa cutar da shi. Hanyar tabbatarwa ita ce a saka wannan kuskure shi kaɗai a jikin wata halitta lafiyayya a ga ko cutar za ta bayyana, kuma wannan abu ne da addini da doka da hankali suka hana a yi wa ɗan Adam. Ɓera yana da ƙwayoyin gado masu samar da furotin kusan 20,000 kamar mutum, kuma mafi yawansu suna da takwarori a jikinmu, har da waɗannan biyu na kolajin. Cikinsa kwana 19 zuwa 21 ne, yana balaga cikin mako 6 zuwa 8, yana kuma tsufa cikin shekara biyu, ta yadda mai bincike zai ga ƙashi daga ciki har tsufa a lokacin da yaron mutum bai gama yaye ba.

Waɗannan ba ɓerayen gida ko na kasuwa ba ne. Zuri'o'i ne da aka daɗe ana haɗa wa da ƙanwa a cikinsu, aƙalla tsatso 20, har kowane ɗaya ya zama kusan kwafin ɗan'uwansa. Amfanin haka shi ne idan aka sauya ƙwayar gado ɗaya aka ga ƙashi ya canza, babu wani abin zargi sai ita. Ana kiwon su a ɗakuna masu tsabta, kuma ba a fara gwaji sai kwamitin kula da haƙƙin dabbobi ya amince da yawan da za a yi amfani da su da yadda za a rage musu ciwo.

An fara cusa baƙuwar ƙwayar gado a ƙwan ɓera da aka riga aka barbara a shekarar 1980. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 an koyi yadda za a nufi takamaiman ƙwayar gado a kashe ta ko a sauya harafi ɗaya a cikinta, aikin da ya sa Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies suka sami kyautar Nobel a 2007. Bayan fitowar fasahar CRISPR ta yankewa da gyara ƙwayoyin gado a 2012, aikin da kan ɗauki fiye da shekara ya koma na watanni.

Ɓerayen gautsin ƙashi sun zo ta hanyoyi dabam-dabam. A farkon shekarun 1980, a ɗakin binciken Rudolf Jaenisch, wata ƙwayar bairos da aka saka wa ɓera ta faɗa cikin ƙwayar gadon kolajin ta kashe ta. Da yake ɗa yana gadon kwafi biyu na ƙwayar, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, waɗanda suka gaji kwafi biyu matattu sun mutu tun a ciki, masu kwafi ɗaya kuwa suka rayu da ƙarancin kolajin da raunin ji, kamar masu nau'i mafi sauƙi. Wani ɓera da ake kira oim, wanda aka bayyana a 1993, ba ma hannun mutum ne ya sauya shi ba, kuskuren da kansa ya auku a cibiyar Jackson da ke jihar Maine a Amurka. Wanda ya fi burge ni shi ne Brtl na 1999, wanda Antonella Forlino da Joan Marini suka samar ta hanyar ɗauko ainihin kuskuren da aka gani a jikin wani yaro mai cutar, wato sauyin gilaisin a matsayi na 349, suka dasa shi a ɓera. Abin lura a wannan zuri'a shi ne, duk da kuskuren iri ɗaya ne, wasu 'ya'yan suna mutuwa jim kaɗan bayan haihuwa, wasu kuma su girma su hayayyafa. Haka muke gani a asibiti: uba ya karye sau biyu ko uku yana yaro ya manta, ɗansa kuma ya kasa tafiya.

Abin da ɓerayen suka riga suka haifar

Ba na son ki ɗauka aikin nan bai taɓa amfanar kowa ba. Akwai wata cutar gado da take kishiyar ta ɗanki, inda masu narkar da tsohon ƙashi ba sa aiki, ƙashi ya cika ya toshe wurin ɓargo. A shekarun 1970 Donald Walker ya nuna cewa idan aka dasa wa ɓera mai wannan cuta ɓargon lafiyayyen ɗan'uwansa yana warkewa, abin da ya tabbatar da cewa masu narkar da ƙashi daga ɓargo suke fitowa. A 1980 aka ba da rahoton nasarar dashen ɓargo ga wata jaririya mai cutar, kuma har yau shi ne maganin nau'inta mai tsanani.

A 1997 masu bincike na kamfanin Amgen sun samar da ɓeraye masu yawan wani furotin da ba a san aikinsa sosai ba, sai ƙashinsu ya fito a cike fiye da kima. Bin diddigin wannan ya kai ga gano RANKL, saƙon da ke tayar da masu narkar da ƙashi, daga nan aka haɗa allurar denosumab da aka amince da ita a 2010 don zaizayar ƙashi ta manya. Labarin siklerostin kuwa daga mutane ya faro. A cikin Turawan Afirka ta Kudu akwai iyalai masu ƙashi mai kauri wanda da wuya ya karye, sai dai ƙoƙon kansu yana kauri har ya danne jijiyoyin fuska da na ji. A 2001 aka gano cewa ƙwayar gado mai suna SOST ce ba ta aiki a jikinsu, kuma ɓerayen da aka kashe wa ita, waɗanda aka bayyana a 2008, sun tabbatar da cewa furotin ɗin da take samarwa, wato siklerostin, shi ke taka wa masu gina ƙashi birki. Allurar romosozumab da ke toshe shi ta samu amincewa a 2019, ga mata masu zaizayar ƙashi bayan daina al'ada, tare da gargaɗi game da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Inda ɓera ya rabu da yaro

Idan aka ce magani ya ƙarfafa ƙashin ɓera, ya kamata a tambaya me aka auna. A ɗakin da na yi aiki, mukan cire ƙashin cinyar ɓera, wanda tsawonsa bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, mu saka shi a wata ƙaramar na'urar hoto da ke nuna cikinsa dalla-dalla, sannan mu ɗora shi a kan ƙarfe biyu wata na'ura ta danna tsakiyarsa har ya karye. Awo biyu mukan duba: nauyin da ya ɗauka kafin ya karye, da kuma yadda ya lanƙwasa kafin ya rabu. Lafiyayyen ƙashi yakan lanƙwasa tukuna, mai gautsi kuwa yana tsinkewa farat ɗaya. Magungunan da aka gwada a ɓerayen gautsi, har da na rukunin bisfosfonet, masu rage aikin masu narkar da ƙashi, da kuma masu toshe siklerostin, suna ƙara yawan ƙashi da nauyin da yake ɗauka, amma sabon ƙashin da aka gina da wancan kolajin mai kuskure aka gina shi, domin umarnin da ke cikin ƙwayar gadon bai canza ba. Wannan ci gaba ne na gaske, sai dai ba waraka ba ce, kuma masu yaɗa labarin ne sukan haɗe biyun.

Likitoci sun koyi wannan darasi a jikin mutane ma. An taɓa ba mata masu zaizayar ƙashi sinadarin fuloraid, cikar ƙashin bayansu ta ƙaru ƙwarai, amma wani babban gwaji da aka wallafa a 1990 ya nuna karayar ƙashin baya ba ta ragu ba, ta sauran ƙasusuwa ma ƙaruwa ta yi. Haka nan masu waccan cuta ta toshewar ɓargo ƙashinsu ya fi na kowa cika, kuma suna karyewa. Shi ya sa ba na yarda da wani sakamako da ya tsaya a awon cika kawai.

Bayan haka, jikin ɓera ba jikin yaro ba ne. Yana tafiya da ƙafa huɗu, nauyinsa kimanin giram 25 zuwa 30, don haka cinyarsa ba ta ɗaukar irin lodin da cinyar yaro ke ɗauka. Ɓawon ƙashinsa ba ya sabunta kansa daga ciki kamar yadda namu yake yi, kuma wuraren tsawo da ke bakin ƙasusuwansa ba sa rufewa bayan balaga kamar na mutum. Zuri'o'in kansu sun bambanta, domin ɓeran C3H ya fi C57BL/6 cikar ƙashi nesa ba kusa ba alhali dukansu lafiyayyu ne, saboda haka kuskure ɗaya yana iya yin tsanani a wannan ya yi sauƙi a wancan. Denosumab ma ba ya kama RANKL na ɓera, sai da aka samar da ɓera mai ɗauke da sashen RANKL na mutum kafin a iya gwada shi a jikinsa. Akwai kuma magungunan da suka ƙetare gwajin dabbobi, suka rage karaya a mutane, sannan aka janye su, kamar odanakatib da kamfanin Merck ya dakatar a 2016 saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Gyara ƙwayar gadon kanta a ƙwan ɓera abu ne mai yiwuwa, amma yaron da aka riga aka haifa yana da ƙwayoyi masu gina ƙashi a ko'ina cikin jikinsa, kuma babu wata hanyar gyara su da aka amince da ita a asibiti a yau.

Batun auren zumunci

A mafi yawan masu wannan cuta kwafi ɗaya mai kuskure ya isa ya haddasa ta. Ko dai yaron ya gada daga uba ko uwa mai nau'i mai sauƙi da ba a lura da shi ba, ko kuma kuskuren sabo ne da ya auku a maniyyi ko ƙwai ba tare da iyayen suna da cutar ba. A duka hanyoyin biyu zumunci ba shi da hannu. Akwai ƙaramin kaso da sai yaro ya gaji kwafi biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, kuma a nan ne auren dangi ke ƙara yiwuwar haɗuwarsu. Ɓera ne ma ya buɗe wannan babi: a 2006 masu bincike a birnin Houston sun ga ɓerayen da aka kashe wa ƙwayar gado CRTAP sun fito da raunin ƙashi, suka duba iyalai masu cutar da ba a sami kuskure a kolajin ɗinsu ba, suka same shi a can. Abokiyar aikin CRTAP, wato ƙwayar gado P3H1, ta shafe mu kai tsaye, domin wani bincike na 2012 ya gano cewa kimanin kashi 1.5 cikin 100 na mutanen da aka gwada a Nijeriya da Gana suna ɗauke da kwafi ɗaya na wani tsohon kuskure a cikinta. Jariran da suka gaji kwafi biyu na wannan yawanci ba sa wuce watannin farko, saboda haka da wuya ya zama shi ne na yaron da ya kai shekara biyar. Ba zan iya wanke zumuncin gaba ɗaya ba sai da gwaji, amma bisa ƙididdiga ba shi ne abin zargi na farko ba, kuma ba daidai ba ne dangi su ɗora laifi a kanki ko a kan mahaifinsa.

Abin da za a yi wa yaron yanzu

Ki nemi ya kasance ƙarƙashin likitan ƙashi guda mai bin tarihinsa, a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da likitan yara. A fara da kawar da cututtukan da ke kama da wannan, musamman lanƙwasar ƙafa ta ƙarancin kalsiyam, wadda binciken Tom Thacher da abokan aikinsa a Jos ya nuna a 1999 cewa tana warkewa idan aka ba yaro kalsiyam. Ita tana da sauƙin magani, kuma tana iya haɗuwa da gautsin ta ƙara masa tsanani.

Idan an tabbatar da cutar kuma karayar tana yawa, ki tambayi likita game da ƙarin ruwan famidironet ko zoledironet, 'yan rukunin bisfosfonet, waɗanda aka yawaita ba yara masu cutar tun bayan rahoton Francis Glorieux na Kanada a 1998. Suna ƙara cikar ƙashi, iyaye da yawa kuma sukan ce ciwon jiki ya ragu, amma gwaje-gwaje ba su yi ittifaƙi a kan yawan karayar da suke hanawa ba. Dole a duba kalsiyam da bitamin D da ƙodarsa kafin a fara. Idan cinya ko ƙwauri sun lanƙwashe suna karyewa a wuri guda, akan yi tiyata a miƙe su a zura ƙarfe a tsakiya, akwai ma irin da ke ƙara tsawo yayin da yaro yake girma.

Ina girmama masu ɗori, amma ja da matsi da ake yi wa ƙashin mai lafiya yana iya haifar da sabuwar karaya a ƙashin ɗanki, kuma daɗewa a ɗaure yana ƙara zaizaye shi, har ya sake karyewa da zarar an kwance. A asibiti ma muna ƙoƙarin taƙaita zaman filasta saboda wannan dalili. Kada a kulle shi a ɗaki don tsoro, domin ƙashi da tsoka sai da motsi suke ƙarfi; likitan gashin ƙashi zai nuna muku atisayen da ya dace da shi. Idan za a ɗaga shi a tallafo mazaunansa da bayansa, kada a ja shi ta hannu, a kuma sanar da malaman makarantar boko da na Islamiyya cewa ba a dukansa. A riƙa duba haƙoransa da jinsa da ƙashin bayansa lokaci-lokaci.

Game da haihuwa ta gaba, lissafin ya danganta da nau'in. Idan ɗayanku yana da cutar, yiwuwar kowane ciki kashi 50 ne cikin 100. Idan nau'in kwafi biyu ne, kashi 25. Idan kuwa sabon kuskure ne, yiwuwar ƙarama ce amma ba sifili ba, domin wani lokaci kuskuren yana ɓoye a wani sashe na maniyyin uba ko ƙwan uwa. Gwajin ƙwayoyin gado ne ke bambance su, kuma yawanci sai an aika jini waje da kuɗi mai yawa. Kafin a kai ga haka, ku zauna da dattawan gidajen biyu ku tambayi wanda ya sha karyewa yana yaro, wanda ya kurmance da wuri, da jariran da suka rasu da lanƙwasassun gaɓoɓi, ki kai wa likita wannan tarihi tare da duk hotunan ƙashin da aka taɓa ɗaukar yaron.